Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Tantance Fayilolin Rubutu da Umarnin `file`

Na gaji da jin masu koyo suna ƙorafi cewa umarnin `file` ba shi da tabbas, wai yau ya ce fayil ASCII ne, gobe ya ce UTF-8 ne (duka biyun tsare-tsare ne na adana haruffa a kwamfuta). Umarnin nan, wanda aikinsa shi ne faɗin nau'in fayil, yana cikin tsarin gudanar da kwamfuta na Unix tun 1973, kuma ba sunan fayil yake dubawa ba, abin da ke ciki yake leƙawa ya yi hasashe. Fayil ɗin rubutu tsantsa yawanci ba ya ɗauke da wata shaida da ke bayyana tsarin haruffansa, saboda haka duk amsar da ta fito kintace ce.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai shi ne ɗaukar cewa `file` yana karanta fayil tun daga farko har ƙarshe. Farkonsa kawai yake dubawa, kuma yawan abin da yake dubawa ya bambanta daga wannan siga zuwa waccan. ASCII kuwa wani yanki ne na UTF-8 wanda babu haruffa masu lanƙwasa a cikinsa, don haka idan layukan farko ba su da ko ɓ, ɗ ko ƙ guda ɗaya, amsar us-ascii za a samu, ko da can ƙasa akwai dubban su. Wannan ya taɓa lalata mini aiki mai yawa: an amince da amsar, aka shigar da wani babban fayil na CSV (teburin bayanai a rubutu tsantsa) cikin rumbun bayanai ta hanyar da ke karanta shi a matsayin Windows-1252, wani tsarin haruffa na daban, sai harafin ƙ, wanda a UTF-8 bait biyu ne (bait shi ne ƙaramin ma'aunin bayanai a kwamfuta), C6 da 99, ya koma Æ™, kalmar ƙasa ta zama Æ™asa a ko'ina. Tun daga nan ba na yarda da hasashe. Ina gudanar da umarnin sauya tsarin haruffa, `iconv -f UTF-8 -t UTF-8`, a kan fayil ɗin gaba ɗaya, domin shi yana tsayawa ya nuna daidai wurin da ya ci karo da bait mara kyau.

Na biyu kuma sakaci ne zalla. Mutum ya rubuta shiri da ke neman jimlar “UTF-8 Unicode text” a cikin amsar, alhali sababbin sigogi “Unicode text, UTF-8 text” suke rubutawa, sannan ya zauna yana mamakin yadda aikin ke tafiya a kwamfutarsa amma ya ƙi a sabar. Wannan bayanin don idon ɗan adam aka yi shi, ba don shiri ba! A yi amfani da `file -b --mime-encoding`, wanda sunan tsarin haruffan kawai yake fitarwa. Kada kuma a dogara da `-i`, domin a Linux yana ba da nau'in MIME (daidaitaccen suna na nau'in fayil), amma a macOS babban harafi `-I` ne ke yin wannan aikin. Idan kwamfutoci biyu suka saɓa, abin da nake fara yi shi ne `file --version`, wanda ke nuna siga da kuma kundin alamomin da ake amfani da shi.

Sauran ƙanana ne. Idan amsar ta ce symbolic link, wato mahaɗi da ke nuni zuwa wani fayil, a ƙara `-L` don ya bi mahaɗin. Bait ɗin sifiri guda ɗaya kan sa rubutu mai kyau ya koma data, wato amsar da `file` ke bayarwa idan bai gane nau'in fayil ba. Amsar iso-8859-1 ba ta tabbatar da komai, domin umarnin ba ya iya bambance dangin ISO-8859. In kuma an ga BOM (alamar tsarin haruffa a farkon fayil) ko CRLF (alamar ƙarshen layi), yawanci fayil ɗin ya ratsa ta Windows ne, kuma umarnin `xxd` (mai nuna bait) tare da `head` (mai nuna farkon rubutu) za su nuna EF BB BF a farkon fayil idan alamar BOM ta UTF-8 tana nan.