Yadda na gyara tashar USB mai aiki biyu a kan Raspberry Pi Zero

Wani mai shagon buga takardu a Nima, nan Accra, ya kawo mini ƙaramar na'ura da aka gina a kan Raspberry Pi Zero, wata 'yar kwamfuta da ke kan allo ɗaya, yana so kwamfutarsa ta riƙa ganinta a matsayin katin sadarwa idan an jona su da wayar USB, amma ko alama ba ta nunawa.

Guntun da ke kula da wannan tasha yana iya zama mai ba da umarni, kamar kwamfuta, ko mai karɓar umarni, kamar filashi. Da na duba /sys/class/udc, inda Linux ke nuna guntun da zai iya zama mai karɓar umarni, sai na tarar babu komai a ciki, wato Linux ya ɗora direban dwc_otg, wanda a wannan allo aikin mai ba da umarni kawai yake yi. Don in koma direban dwc2 mai iya aikin biyu, na ƙara layin dtoverlay=dwc2 a fayil ɗin config.txt, sannan don in ɗora shi tare da g_ether, direban da ke nuna na'urar a matsayin katin sadarwa, na sa modules-load=dwc2,g_ether a fayil ɗin cmdline.txt, wanda dole ne duk abin da ke cikinsa ya zauna a layi ɗaya.

Duk da haka ba ta bayyana ba. Da na sa mita a ƙafar ID ta soket ɗin, wadda ke gaya wa guntun aikin da zai yi, na ga wanda ya haɗa na'urar ya liƙe ta da ƙafar ƙasa (ground) da dalma, kuma hakan ne ke sa dwc2 ya zaɓi zama mai ba da umarni. Maimakon in narke dalmar, na mayar da layin zuwa dtoverlay=dwc2,dr_mode=peripheral don tilasta masa zama mai karɓar umarni, na sake kunnawa, nan take usb0, wato katin sadarwar, ya fito. Na dai gaya wa mai shagon cewa madannai ba za su ƙara aiki a tashar ba sai an mayar da saitin zuwa host, wato mai ba da umarni.