Kifi da soyayyen dankali a Birtaniya: kurakuran da matafiyi ya fi yi

Bahaushen da ya sauka a Birtaniya, karatu ne ya kai shi ko aiki ko ganin likita, da wuya ya yi mako guda bai ci kifi da soyayyen dankalin turawan nan da suke kira fish and chips ba. Dalilin a fili yake: nama ana shakkar yankansa, kifi kuwa ba a yanka shi. Sai mutum ya ci sau ɗaya a Landan ya ɗauka ya gama sanin abincin, alhali kowane yanki da irin kifinsa, da man suyarsa, da abin da yake zubawa a kai. Tun fil azal haka abin yake. A shekarun 1860 Joseph Malin ya buɗe shagonsa a gabashin Landan, shi kuma John Lees ya fara nasa a Mossley kusa da Oldham a arewa, kuma har gobe kudu da arewa ba su daina gardamar wanda ya riga wani ba. Saboda haka abin da ka sani a wani gari, kada ka ɗauke shi ka tafi da shi wani garin ba tare da tambaya ba.

Kuskuren da ya fi kowanne nauyi shi ne cewa "ai kifi ne", a miƙa kuɗi a karɓa. Kifin halal ne, babu ja. Amma da me aka soya shi? A kudancin Ingila galibin shaguna man tsirrai suke amfani da shi. Da ka nausa Yorkshire da garuruwan gaɓar teku irin su Whitby, za ka tarar shagunan da suka fi suna da narkakken kitsen shanu suke suya, suna ma alfahari da hakan, har su rubuta a allo don jawo masu saye. Kitsen shi ke ba dankalin ƙamshin nan da launin ja-ja da mutanen yankin ke so, sai dai ba daga yankan Musulmi yake fitowa ba, in ba shagon ne ya faɗi haka ba. Wanda yake kiyaye yanka, to a nan ma sai ya kiyaye. Gyaran ba shi da wuya: kafin ka ce a ba ka komai, tambayi mai shagon, mai ne ko kitse? Ba za su ji haushi ba, domin masu ƙin cin nama kullum suna yi musu wannan tambayar. Wasu shagunan ma suna da kaskon mai daban saboda irin waɗannan masu saye.

Bayan mai sai ƙullun da ake tsoma kifin a ciki. A shagon unguwa na gargajiya ƙullun yawanci fulawa ce da ruwa da ɗan abin kumburi, shi ke nan. A mashaya da gidajen abinci na zamani kuwa sau da yawa da giya ake dama shi, don iskar da ke cikinta tana sa ɓawon ya tashi ya yi ƙayau. In ka ga an rubuta beer batter a takardar abinci, ma'anarsa ke nan. Za ka ji wasu na cewa zafin mai yana ƙone barasar. Ni dai ban ga abin da zai kai mutum wannan muhawara ba, tunda shagon da bai sa giya ba yana nan a kan titin. A Scotland akwai wata mafita: ka nemi special fish, wato kifin da aka birkiɗa a garin burodi maimakon ƙullu.

Abu na uku a wannan babin shi ne kaskon kansa, kuma shi aka fi mantawa. Tsaya a gaban gilashin da ake jera abin da aka soya ka duba da kyau. Kusa da kifin za ka ga dogayen sosej a cikin ƙullu, yawancinsu na alade. A Scotland za ka ƙara ganin black pudding, wanda da jini ake yin sa, da haggis na kayan cikin tunkiya. In duk a mai ɗaya aka tsoma su da kifinka, tambayar farko ba ta wadatar ba. Shaguna da yawa sun ware kaskon kifi da na dankali daban, amma ba duka ba, don haka sai ka tambaya. A Bradford da Birmingham da gabashin Landan kuwa shagunan Musulmi suna da yawa, da alamar halal a ƙofa, hankalinka kwance.

Ruwan khal, wato ruwan tsamin nan da suke kira vinegar, da ake yayyafawa bai kamata ya tayar maka da hankali ba, ko da yake ta hanyar barasa yake bi kafin ya zama khal. Na sha'ir ne, kuma jumhurun malamai sun halatta khal, har akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yabe shi. Shaguna da dama ma ba na sha'ir ɗin suke ajiyewa ba, wani haɗi ne na ruwa da sinadarin tsami da launi, wanda bai taɓa bi ta hanyar barasa ba.

To, mu koma kan daɗi. Mai zuwa daga Landan bakinsa ya saba da kifin kod, sai ya isa Aberdeen ko Hull yana neman kod. Kuskure ne. A Scotland da yawancin Yorkshire hadok ne sarki, shi ake sayarwa da yawa, don haka shi ne bai daɗe a ajiye ba. Kod tsokarsa fara ce fat, tana ɓarewa falle-falle masu kauri, ɗanɗanonta kaɗan. Hadok ya fi shi ɗan zaƙi da ƙamshin kifi, kuma a ganina bakin da ya saba da kifi mai ɗanɗano zai fi jin daɗinsa. Ka lura da abin da mutane uku na gabanka a layi suka nema, ka bi sahunsu. A Landan ɗin ma akwai wanda suke kira rock, wani ƙaramin kifin shak ne mai guringuntsi ɗaya a tsakiya, babu ƙananan ƙayoyi.

A Scotland in ka ce a ba ka fish supper, kifi ne da dankali, ko da tsakar rana ce. In ka ce single, kifi kawai za a miƙo maka. Sannan a Edinburgh mai shago zai tambaye ka da sauri, salt and sauce? Baƙo yakan ce e, yana zaton jan tumatir na kwalba za a zuba masa, sai ya ga an kwarara wani ruwa ruwan ƙasa mai tsami a kan komai. Miyar kwalba ce mai ruwan ƙasa aka tsinka ta da khal, kuma ita ce alamar birnin. A Glasgow, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa, gishiri da khal kawai suka sani. Shawarata ita ce ka ce a zuba maka a gefe, ka dangwala ka ji, in ta yi maka sai ka ƙara.

Akwai kuma masu ƙin duk wani abin da ba su gane sunansa ba, su tsaya a kifi da dankali tsura. Wannan asara ce, don bambancin gari da gari a gefen faranti yake. A Hull akwai patty, dafaffen dankali da aka daka da wani ganyen ƙamshi, aka tsoma a ƙullu aka soya, ga kuma wani jan gishiri mai garin tattasai da suke barbaɗawa a dankali. A Sheffield da kewaye fishcake yanka biyu ne na dankali da kifi a tsakiya. A garuruwan da ke yamma da Birmingham dankalin kansa ake tsomawa a ƙullu, ya fito da launin ruwan lemo. Ɓurɓushin ƙullun da ya zube a mai, wanda a Yorkshire suke kira scraps, shaguna da yawa kyauta suke bayarwa in ka roƙa. Koren waken da aka dafa ya yi luguf kamar fate yana kashe maiƙon, ka gwada shi. Romo mai kauri da mutanen Manchester ke malalawa a dankali kuwa sau da yawa da ruwan nama ake yin sa, shi ma sai an tambaya.

Yaji fa? Abincin nan ba shi da barkono, kuma ba laifin mai suya ba ne, haka ake yin sa. Wanda ya zo da ƙullin yajinsa a jaka ya yi dabara. Abin da nake roƙo kawai, ka fara cin loma biyu uku da gishiri da khal ka ji kifin tukuna, sannan ka barbaɗa.

Wani kuskuren da ke lalata kifi mai kyau shi ne a naɗe shi a tafi da shi masauki. Za a tambaye ka, a buɗe ko a naɗe? In ka ce a naɗe, ka hau bas na minti ashirin, tururi zai jiƙe ɓawon ya yi laƙwas, kamar ƙosan da aka ɗaure a leda da zafinsa. Ka ce a buɗe, a ba ka ɗan cokalin katako mai yatsu, ka nemi benci ka ci nan take. In a bakin teku ne, a Whitby ko Anstruther ko St Ives, ka jingina da bango ka kare abincin da jikinka, domin tsuntsayen teku ta bayan mutum suke kawo sura, kuma kifin gaba ɗaya suke ɗauka. Ka fi zaɓar shagon da za a ce maka ka jira a soya, a kan wanda kifinsa ya daɗe a gilashi. Yammacin Juma'a layi ya fi tsawo, amma a lokacin ne komai ke fitowa daga mai kai tsaye. Shagunan unguwa da yawa suna rufewa tsakanin abincin rana da na dare, wasu kuma ba sa buɗewa ranar Lahadi. Kada ka nemi babba a karon farko, daidai-wa-daida ma yakan ishi mutum biyu.

In tafiya ta kai ka wasu ƙasashen ban da Birtaniya, tambayoyin nan dai su ne. A Cape Town ta Afirka ta Kudu kifin hake ko snoek ake soyawa, da dankali mai laushi da aka jiƙa da khal, da gangan ake yin sa haka, kada ka mayar ka ce bai soyu ba. A Melbourne ta Ostireliya kuwa abin da suke kira flake naman shak ne, kuma hukumar kula da abinci ta Ostireliya da New Zealand ta shawarci masu juna biyu da ƙananan yara kada su ci shi fiye da sau ɗaya a mako biyu, saboda sinadarin makuri da ke taruwa a jikinsa. In da iyali kake tafe, ka nema wa uwargida da yara wani kifin.