Yadda za ka ratsa tsibiran Hebrides da kekenka da tantinka

A arewa maso yammacin Sukotilan akwai jerin tsibirai da ake kira Outer Hebrides, da hanyar keke mai tsawon kilomita 297 da ta ratsa goma daga cikinsu, tun daga Vatersay a kudu har Butt of Lewis, inda ƙasa ta ƙare sai teku. Ina son wannan hanya ƙwarai, shi ya sa nake so duk wanda zai bi ta ya shirya mata da kyau.

Ka fara daga kudu. Iskar wurin galibi daga kudu maso yamma take busowa, kuma bishiyar da za ta tare maka ita ba ta da yawa. Idan tana bayanka, keken kusan da kansa yake tafiya. Na ga ƙarti majiya ƙarfi da suka taho daga arewa suna turin keke a kan shimfiɗaɗɗen titi, idanu na zubar da ruwa. Don haka ka hau jirgin ƙasa daga Glasgow zuwa Oban, ka kama wa keken wuri tun da wuri, sannan jirgin ruwan kamfanin CalMac ya kai ka Castlebay da ke tsibirin Barra, kusa da Vatersay, cikin kusan awa biyar. A gaba akwai ƙetare biyu: Barra zuwa Eriskay, da Berneray zuwa Leverburgh. Na biyun yakan sauya lokaci saboda janyewar ruwan teku, ka duba jadawalinsa tun ana gobe.

Dokar Sukotilan ta 2003 ta yarda ka kafa tanti a fili, muddin ka nisanci gidajen mutane da gonaki da dabbobi, ba ka wuce kwana biyu ko uku a wuri ɗaya ba, kuma ka kwashe shararka. A gaɓar yamma akwai wata ciyawa da ke tsirowa a kan farin yashi, suna kiranta machair. Da bazararsu takan cika da furanni, tsuntsaye kuma a ƙasa suke yin sheƙa a cikinta. Saiwarta ba ta da zurfi, in an ƙona ta ko an tone ta iska ce za ta kwashe yashin. Kada ka hura wuta a kanta, ka yi girki da ƙaramin risho na gas. Tantin ya zama gajere mai kwanciya, turakunsa dogaye, domin gajeru ba sa kama yashi. Ka juya ƙofar ta ba iska baya, ka danne igiyoyin da duwatsu. Bayan gida kuwa, ka yi nisa da ruwa aƙalla mita 30, ka binne.

Ranar da iska ta kwanta, wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke fitowa, sun fi sauro ƙanƙanta nesa ba kusa ba, suna shiga hanci da kunne da gashi. Sun fi yawa daga Yuni zuwa Agusta. Ka riƙe ragar rufe fuska, ka zaɓi tudu mai iska, in da hali ka je a Mayu ko Satumba. Kowane dare ka duba ƙafafunka saboda kaska.

Masu gyaran keke kaɗan ne, ka tafi da famfo da kayan faci da abin haɗa sarƙa da robar birki. Za ka gode wa birkin bayan Tarbert, inda titi ya hau gefen Clisham, dutsen da ya fi kowane tsawo a tsibiran, mita 799, sannan ya gangaro. Tituna da yawa mota ɗaya suke ɗauka. Idan mota ta biyo ka, ka ratse a wurin kaucewa na farko, ka ɗaga hannu.

Mutanen Lewis da Harris, a arewacin tsibiran, suna girmama Lahadi sosai, yawancin shaguna a rufe suke. Ka yi cefanenka ranar Asabar, kuma ka rage hayaniya kusa da coci. Kifi da ƙwai da burodi ba sa wuya, amma baƙin tsiran nan da Stornoway, babban garin Lewis, ta yi suna da shi da jini ake yin sa.

Batun salla yana son shiri. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 10 na dare, kuma hasken ba ya gushewa gaba ɗaya kafin gari ya waye, ka tambayi malaminka yadda za ka yi da Isha'i da Asuba kafin ka tashi. Alƙibla tana kudu maso gabas. A Stornoway akwai ƙaramin masallaci da aka buɗe a 2018, in ka daidaita tafiyarka za ka iya samun Juma'a.

In ka gama hanyar, daga Stornoway jirgin ruwa zai sauke ka a Ullapool. Jirgin ƙasa ba ya zuwa garin, sai dai ka tuƙa zuwa tashar Garve, ko ka nemi motar Inverness da ke ɗaukar keke, ka kama wuri kafin ka bar tsibirin.