Sara Nawa Ya Kamata Sabon Jarumi Ya Jure a Wasan Labari na Kan Tebur

A wasannin labari irin su Dungeons & Dragons, kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi guda, shi kuwa jagora yana ba da labari yana motsa abokan gaba, idan faɗa ya kaure sai a jefa ƙwaya mai lambobi don a san ko sara ya kama. Kowane jarumi yana da makin rai a rubuce a takardarsa, kuma duk saran da ya same shi yana rage masa wani abu. Mu da muke wasa a Garwa, galibi a kan tabarma bayan sallar isha'i, da littattafan da yawancinsu cikin Faransanci suke iso mana, mun daɗe muna jayayya a kan yawan makin da ya dace a bai wa jarumin matakin farko, wato sabon jarumin da bai fara hawa matakan ƙarfi na wasan ba. Abin da na tsaya a kai shi ne jagora ya daina kallon lambar ita kaɗai, ya riƙa lissafi da yawan saran da jarumi zai sha kafin ya faɗi.

Masu ƙirƙirar wasan kansu ba su tsaya a kan magana ɗaya ba. A bugun farko da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, sabon jarumi yana samun makinsa ne daga jefa ƙwaya mai fuska 6, makami kuma yana cin 1 zuwa 6, wato sara guda ya isa ya aika shi barzahu. Bugu na uku a 2000 ya ba kowa lamba mafi girma ta ƙwayar makinsa a matakin farko, kuma ba a mutuwa sai maki ya sauka 10 ƙasa da sifili. Bugu na huɗu a 2008 ya yi kyauta da hannu biyu, domin mayaƙi yana farawa da 15 haɗe da duk lambar ƙarfin jikinsa, har ya kusa 30. Bugu na biyar a 2014 ya dawo tsakiya: mayaƙi 10, mai sihiri 6, tare da ɗan ƙari gwargwadon ƙarfin jiki.

Aikin farko shi ne ka ɗauki alƙalami kafin ranar wasa, ka zaɓi jarumi mafi rauni a cikin tawagar, ka gwada shi da abokin gaban da ka tanada. Ga misali daga bugu na biyar. Mai sihiri yana da maki 7 da lambar kariya 12, wato lambar da jifan mai kai hari haɗe da ƙarinsa zai kai kafin sara ya kama. Gobilin, ƙaramin dodon da aka saba fara wasa da shi, yana da ƙarin 4 wajen kai hari, saboda haka idan ƙwaya mai fuska 20 ta nuna 8 ko sama da haka ya same shi, wato kashi 65 cikin ɗari. Takobinsa yana cin 3 zuwa 8, matsakaici 5 da rabi, don haka sara biyu sukan kwantar da mai sihirin. Mayaƙi mai sulke da garkuwa yana da kariya 18 da maki 12, gobilin ba zai same shi ba sai ya jefa 14, kashi 35 ke nan, kuma yakan buƙaci sara biyu ko uku da suka kama, abin da zai ɗauke shi wajen hari shida ko bakwai. Wannan tazara tana da kyau, ita ce dalilin da mayaƙi yake tsayawa a gaba. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne mai rauni ya jure sara biyu, mai ƙarfi kuma uku ko huɗu, domin tsakanin saran farko da na biyu ne ɗan wasa yake samun damar yanke shawara: ya ja da baya, ya ɓuya bayan ɗan'uwansa, ko ya yi kasada.

Idan aka hana ɗan wasa wannan damar, wasan ya zama caca tsagwaronta. Na koyi haka a kan ɗan ƙanwata, wanda ya shafe yammaci guda yana tsara mai sihirinsa, ya raɗa masa suna, ya ƙirƙiro masa gari da dangi, har ya zana hotonsa a bayan takardar. A ƙofar kogon farko na ajiye ork, ƙaton dodon da gatarinsa yake cin 4 zuwa 15. Na jefa ƙwaya mai fuska 12 ta nuna 11, sara ya ci 14, kuma dokar bugu na biyar ta ce idan abin da ya saura bayan maki ya kai sifili ya yi daidai da cikakken makin jarumi, to mutuwa ce nan take. Yaron ya dubi takardarsa, ya dube ni, ya ce, “Kawu, ko magana fa ban yi ba.” Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya koma gefe yana tsiyaya mana shayi har muka tashi. Laifin nawa ne, domin da na yi lissafin da na bayyana a sama da na ga cewa sara ɗaya cikin shida na wannan gatari yana kashe jarumi mai maki 7 daga cikakkiyar lafiya.

Abu na biyu shi ne ka auna lokacin da aka kashe wajen gina jarumi. Wanda aka tsara cikin minti biyar zai iya mutuwa cikin minti biyar ba tare da ran kowa ya ɓaci ba. Wasan Dungeon Crawl Classics na 2012 a kan wannan aka gina shi, inda kowane ɗan wasa yake farawa da talakawa da dama masu maki 1 zuwa 4, wanda ya tsira shi ne zai zama jarumi. Ga masu son tsoro da taka tsantsan wannan salo yana da daɗinsa, amma wajibi ne a faɗa wa kowa tun kafin a zauna. Idan kuwa tsarin da kuke bi yana cin awa guda ko biyu kafin a gama takarda, sai a ƙara wa jarumi kariya daidai da wahalar da aka sha.

Na uku, ka raba faɗuwa da mutuwa. A dambe, idan ɗan dambe ya taɓa ƙasa ana cewa an kashe shi, alhali zai tashi ya karkaɗe jikinsa ya sake shiga fage wata rana. Bugu na biyar yana da irin wannan: wanda makinsa ya kai sifili yana suma, sai ya riƙa jefa ƙwaya mai fuska 20 a kowane zagaye, 10 ko sama nasara ce, nasara uku ya tsira, rashin nasara uku ya mutu. Waɗannan zagaye su ne suka fi tayar da hankali a wasan, domin sauran 'yan tawaga dole su zaɓa tsakanin ci gaba da faɗa da kuma ceton ɗan'uwansu. A matakin farko ni nakan jingine dokar mutuwar nan take, in dawo da ita a mataki na biyu, kuma ina sanar da 'yan wasa hakan a fili. Ba na goyon bayan jagoran da yake ɓoye ƙwaya yana canja lamba, domin ranar da aka gane shi babu wanda zai sake jin tsoron dodonsa.

Sau da yawa gyaran ba a takardar jarumi yake ba, a yawan abokan gaba yake. Gobilin huɗu da suka taru a kan mai sihirin nan za su ci masa wajen maki 14 a zagaye guda, ninki biyu na abin da yake da shi. Saboda haka a faɗan farko ka rage su zuwa biyu ko uku ga tawagar mutum huɗu, ka bar hanyar gudu a buɗe, ka kuma sa dodanni su tsere ko su nemi sulhu idan rabinsu ya faɗi. Babban dodo kuma kada ya zo kwatsam. A nuna sawunsa a bakin rafi, ko gawar jakin da ya raba biyu, domin wanda ya ga alama ya shiga da ƙafarsa ba zai zargi kowa ba.

Ƙarin maki mai yawa shi ma yana da illa. Jarumin da ya fara da 30 ba ya tsoron komai, faɗa da ƙananan dodanni yakan ja har shayi ya huce, kuma hawa mataki na biyu ba ya ɗanɗano. Idan tawagarka ta sababbi ce kuma kana son sassauci, ƙarin maki 4 ko 5 ga kowa ya wadatar, ko kuma ku fara daga mataki na biyu, inda mai sihiri mai 7 yake komawa 12, gatarin ork na yau da kullum kuma zai iya sumar da shi amma ba zai kashe shi nan take ba.