Yadda Ake Gwada Buɗaɗɗiyar Manhaja Kafin Ranar Fitowarta

Kafin masu haɗa buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa zai iya dubawa da gyara lambobin da aka rubuta ta da su, su saki sabuwar siga ga jama'a, sukan fara fitar da wata mai ɗauke da alamar RC (release candidate, wato sigar gwaji ta dab da fitowa), wadda suke ganin ta isa fitowa muddin ba a gano wani babban kuskure a cikinta ba. A wannan mataki an daina ƙara sabbin abubuwa, sai gyara kawai. A aikin Linux, ginshiƙin wani tsarin sarrafa kwamfuta, alal misali, ana karɓar sabbin sauye-sauye na tsawon makonni 2, sannan jagoran aikin, Linus Torvalds, ya fitar da rc1, ya kuma riƙa fitar da wata kowane mako har zuwa rc7, wani lokaci rc8 idan al'amura ba su lafa ba. Masu aikin ba su da irin kwamfutarka, ba su da irin bayananka, don haka akwai kurakuran da ba za su taɓa bayyana ba sai a hannunka.

Kada ka ɗora sigar gwaji a kan kwamfutar da kake dogaro da ita. Nemi wata daban, ko ka ƙirƙiri kwamfutar kwaikwayo (virtual machine) a cikin taka, kuma ka yi aiki da kwafin bayananka. Mai amfani da harshen rubuta manhaja na Python zai iya keɓe wurin gwaji da kayan aikinsa na venv, sannan ya sauko da sigogin gwaji da umarnin pip install --pre.

Daga nan sai ka yi aikinka na yau da kullum, domin buɗe manhaja a leƙa a rufe ba gwaji ba ne. Buɗe tsofaffin fayilolinka, haɗa firintarka, gudanar da aikin nan mai nauyi da kake yi a ƙarshen wata, kana kwatantawa da tsohuwar siga. Abin da aka fi nema shi ne koma-baya, wato abin da yake aiki jiya amma ya daina yau. Kada ka raina ƙaramin sauyi. A watan Maris na 2024, injiniya Andres Freund ya lura cewa shiga ta SSH, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa a reshen gwaji na Debian, wani tsarin sarrafa kwamfuta da aka gina kan Linux, da ya bi diddigi sai ya tarar da ɓoyayyiyar ƙofar kutse da aka dasa a manhajar matse fayiloli ta xz, sigogi 5.6.0 da 5.6.1, tun ba ta kai ga yawancin masu amfani ba.

Idan ka ci karo da matsala, fara duba ko wani ya riga ya kai rahotonta. In babu, rubuta lambar sigar, nau'in tsarin kwamfutarka, matakan da ka bi ɗaya bayan ɗaya, abin da ka sa ran gani da abin da ya faru, ka kuma kwafo saƙon kuskuren yadda yake. Rahoton da ya tsaya ga cewa manhaja ba ta aiki ɓata lokacin kowa yake yi. Wanda ya iya git bisect, umarnin da ke tace tarihin sauye-sauyen manhaja, zai iya nuna ainihin sauyin da ya jawo matsalar, kuma a ganina babu gudunmawar da ta fi wannan sauƙaƙa wa masu gyara aiki.

Fara tun daga rc1, domin kuskuren da aka kawo ana saura kwana 2 a saki manhaja yakan jira zagaye na gaba. Bayan an ce an gyara, sauko da RC mai biye, maimaita matakan, ka koma kan rahotonka ka tabbatar musu ko gyaran ya yi.