Yadda Ake Kafa Rumbun Unguwa: Lissafi a Fili, Mabuƙaci a Rufe

Sana'ata awon hatsi a cikin birnin Katsina, kuma ni ke riƙe da makullin ɗan rumbun da mutanen unguwarmu suka kafa saboda gidajen da kan wuni ba a ɗora tukunya ba. Matasa daga wasu unguwanni kan zo rumfata su ce, "Baba, ta ina za mu fara namu?" Abin da nake gaya musu ne zan zayyana a nan, ko wani zai amfana.

Mai awo yakan riga kowa sanin halin da gari ke ciki. Gidan da ke aiko yaro a auna tiya biyu sai ka ga ya koma ɗaya, daga nan rabi, daga nan sai gwangwani. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 abin ya tsananta, a 2024 kuwa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Ga 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya koro daga yankunan Batsari, Jibiya, Safana da Ƙanƙara, wasu na raɓe a gidajen dangi, wasu a kangaye. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne tamowa ta kashe a cibiyoyinta na jihar nan a watanni shida na farkon 2025. Wanda ke zaune a Katsina ba sai ya yi tafiya neman wanda zai taimaka wa ba. Hausawa sun ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Malamanmu na Malikiyya ma sun karantar da cewa zakka a wurin da ta wajaba ake raba ta, sai in akwai waɗanda suka fi tsananin buƙata a nesa, kuma sadakar da aka ba ɗan'uwa na jini lada biyu gare ta, na sadaka da na zumunci.

Kada ku fara da neman kuɗi. Ku fara da mutane biyar ko shida waɗanda unguwa ta shaida ba su da kwaɗayi. Ku je ku gaida mai unguwa da liman, ku faɗa musu niyyarku tun kafin su ji a bakin wani. Sai ku raba aiki: mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban, mai makulli daban. Ko waliyyi ne, kada mutum ɗaya ya haɗa biyu. Ba zargi ba ne, kariya ce gare shi ranar da tsegumi ya tashi. Kuma lallai a samu dattijai mata aƙalla biyu a ciki, don duk kwamitin da maza zalla suka yi, iyakarsa zaure. Abin da ke faruwa a madafi mata ne suka san shi.

Daga nan sai tantance gidaje, kuma nan ne aikin yake. Wanda ya fi kowa iya kuka ba lallai ya fi kowa yunwa ba. Akwai tsohon ma'aikacin da ke jiran fansho, yana fitowa masallaci da wankakkiyar riga, alhali koko kawai aka sha a gidansa tun safe. Akwai mai takaba da marayu biyar. Akwai telan da kekensa ya yi shiru tun bayan salla. Irin waɗannan ba za su taɓa buɗe baki ba. Masu sanin su su ne ungozoma, da mai injin niƙa wanda ya lura wani gida ya daina kawo niƙa, da mai shagon da ke riƙe da littafin bashi, da malamar Islamiyya da ke ganin yaron da ke gyangyaɗi a aji saboda cikinsa ba komai. Ku tambaye su a keɓe. Sunayen da kuka samu, mutum biyu kawai za su riƙe su. A littafin da kowa ke gani sai a ba kowane gida lamba, a rubuta yawan bakunan da ke cikinsa. Ku fara da gida goma. Gara goman da za ku iya riƙewa har sabon gero ya shigo da hamsin ɗin da za ku ba sau ɗaya ku ɓace.

Sai maganar kuɗi. Ni ban yarda da taron kafa gidauniya ba, wanda ake hayar rumfa da kujeru da lasifika, manya su yi alkawarin miliyoyi a gaban jama'a, sannan a kwashe wata shida ana sintiri ƙofar gidansu. Ƙaramin abin da ba ya yankewa ya fi. Mutum talatin su amince da naira 2,000 a wata, an samu 60,000, a shekara 720,000 ke nan. Ku bi kowa ta inda ya fi masa sauƙi: ma'aikaci a tuna masa ranar da albashi ya shigo, ɗan kasuwa ya riƙa ba da 500 duk Juma'a, manomi kuma a bar shi sai kaka ya kawo dami ko tiya biyar. Matan unguwarmu suna da tasu dabarar. Kowace takan ajiye bokiti kusa da murhu, in za ta ɗora girki ta jefa jimƙi ɗaya na abin da za ta dafa, ƙarshen wata a zo a tattara. Ba wadda ke jin ta rage wani abu, amma in aka haɗa na gida ashirin sai ka riƙe baki.

'Yan unguwa da ke zaune Kano, Abuja, Legas ko Saudiyya, ku haɗa su a zauren WhatsApp guda. Da yawansu suna son yin alheri a gida, abin da ke hana su shi ne rashin sanin inda kuɗin zai faɗa. In ana biki ko suna, ba laifi a je wa maigida cikin ladabi a ce, "Alhaji, in da hali a tuna da rumbu, ko da tiya biyu ce." Fatun layya kuwa ku bar su, ƙungiyoyin addini sun daɗe suna tara su don ayyukansu, ba dalilin da za ku shiga takara da su. In ɗan siyasa ya kawo gudummawa, a karɓa a yi godiya. In ya ce sai da hotonsa a jikin buhu, a ba shi haƙuri. An taɓa kawo mana irin wannan, muka mayar, kuma ba wanda ya rasa tuwonsa saboda haka.

Kada kuɗin jama'a ya shiga asusun da wani ke kasuwancinsa da shi. A buɗe asusu na daban mai sa hannun mutum biyu. In tafiya ta yi nisa kuna son asusu da sunan ƙungiya, banki zai nemi takardar rajista ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, sai ku tanadi kuɗinta daban, ba daga na abinci ba. Wanda ya turo hoton shaidar biya, magatakarda kada ya rubuta sai ma'aji ya ga kuɗin a asusu. Duk ƙarshen wata a manna takarda a allon masallaci, a kuma tura ta zauren WhatsApp: abin da ya shigo, abin da aka saya da farashinsa, kuɗin mota da na dako, buhu nawa ya rage. Har naira 200 ta ɗan dako a rubuta. Mutanenmu ba rowa ce ke hana su bayarwa ba, cuta ce suka sha. Wanda ya ga lissafi sau uku a jere, wata na huɗu da kansa zai ƙara. Zakka kuma a ware mata shafinta, don tana da mutanenta takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba; kada a taɓa ta wajen sayen katako ko kwaɗon ƙofa, kuma a tambayi malami kafin a raba. Zakkar fidda kai ma ba ta ajiye ba ce, a tabbata ta isa hannun mai ita kafin a hau idi.

Yanzu na zo fagena, wato saye. Asirin rumbu shi ne a saya da kaka. Gero kan shigo kasuwa wajen Satumba zuwa Oktoba, dawa sai an shiga hunturu. Saboda haka ku bar kuɗin ya taru, ku sayi buhu, kada ku riƙa awon tiya-tiya duk wata a wurin irinmu, ribar da za mu ci a kanku abincin wani gida ne. Na san wani zai ce ai a 2025 farashi ya faɗo, waɗanda suka ɓoye hatsi suka tafka asara. Gaskiya ne, amma wannan asarar ɗan kasuwa ce. Ku abinci kuka ajiye, kuma tiya arba'in tana nan tiya arba'in ko kasuwa ta hau ko ta sauka.

Kasuwannin Charanchi, Mashi ko Mai'aduwa sukan fi cikin gari sauƙi, amma ku yi lissafin mota, dako da la'adar dillali tukuna. Wani lokaci bambancin bai kai a sha wahalar hanya ba, balle hanyar da hankali bai kwanta da ita ba. Ku tafi da wanda ya san hatsi. Kada ku yarda da saman buhu, don mai algus a ƙasa yake zuba tsakuwa da ƙaiƙayi da tsohon hatsi. A zazzage a kan tabarma, a auna a gabanku, ku ƙirga tiya arba'in da bakinku. Ku ɗauki ƙwaya ku ciza: in ta fashe ƙaras, ta bushe, in ta lotse, da sauran danshi, kuma hatsi mai danshi in aka ɗinke shi a buhu fumfuna zai yi. Masarar da ta yi fumfuna guba ce ga hanta, ko kyauta aka ba ku kada ku kai wa mutane.

Me za a saya? Gero, dawa, masara da wake. Shinkafa da taliya suna da farin jini, amma kuɗin buhun shinkafa ɗaya zai ciyar da gidaje da yawa in aka juya shi gero, ga kunu, ga tuwo, ga fura. Abin da mutane ke mantawa shi ne hatsi ba ya cin kansa. In ka kai wa mace tiya biyar ba kuɗin surfe da niƙa, ba itace, ba kayan miya, dole ta sayar da ɗaya ko biyu da araha. Sai a zo ana cewa an ga kayan sadaka a kasuwa. Ku haɗa da kuka, daddawa, gishiri, ɗan man gyaɗa, da 'yan canjin niƙa a ƙulle a leda. A lissafinmu buhu ɗaya gida takwas ne, tiya biyar-biyar, gida mai yawa a ƙara masa.

Ɗakin ajiya ya zama mai iska, rufinsa ba ya yoyo. A jera katako a ƙasa, kada buhu ya taɓa siminti ko bango. Wake shi ne mai wuyar sha'ani, ƙwari ba sa ɗaga masa ƙafa. Ku nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. In aka matse iska aka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin kan mutu ba tare da magani ba. Don Allah kada wani ya ba ku shawarar zuba fiya-fiya ko wani maganin feshi a abincin da yara za su ci. Ƙwayar hayaƙin nan da ake sa wa buhu ma ba a amfani da ita a ɗakin da ke manne da inda mutane ke kwana.

Yaushe za a raba? A nan nakan saɓa da mutane. Da azumi kowa hannunsa a sake yake: masu kuɗi na rabo, masallatai na dafa kunu da ƙosai, gwamnati ma na buɗe wuraren ciyarwa. Yunwar gaske tana tsakiyar damina, Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, ga zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara, ɗan abin da ke hannu ya tafi magani. A lokacin ba mai tunawa da kowa. Ra'ayina, ku yi amfani da azumi wajen tara kuɗi, tunda zukata sun yi laushi, ku ba da kaɗan, amma kaso mafi tsoka ku riƙe shi sai marka.

Ranar rabo ba shela, ba layi, ba hoto. Mun ji abin da turmutsitsi ya jawo a Bauchi a watan Maris na 2024, da Ibadan, Abuja da Okija a Disambar shekarar, inda mutane suka rasa rayukansu wajen karɓar taimako, mafi yawansu mata da yara. Ko ba a mutu ba, tsayar da dattijo a rana da leda a hannu ana ɗaukarsa a waya cin mutunci ne. Mai son hujja a nuna masa hoton buhuna da rasit. Mu bayan sallar isha'i muke kaiwa, gida biyu ko uku a dare, kuma ba ma aiken yara masu surutu. Gidan mace, mace ke shiga. In namiji ne, a yi sallama a zaure a ce, "Baba, saƙo ne daga 'yan'uwa, a sa mu a addu'a," a juya kafin ya fara neman kalmar godiya. Wata hanyar da ta fi wannan sutura ita ce a ajiye hatsin wurin mai awo amintacce, a ba gida 'yar takarda mai lamba, su aiko yaro ya karɓa kamar kowane mai saye.

In kun shiga gida kuka tarar da yaro ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, wannan ya wuce tiyar gero. A kai shi asibiti a ranar, a biya wa uwar kuɗin Keke Napep daga asusu. Akwai cibiyar kula da masu tamowa a Ƙofar Sauri. Yaran da ba su kai haka ba kuwa, matanmu kan haɗa musu garin kunu: awo shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya sama-sama a niƙa tare.

Duk kaka a zauna a sake duba jerin gidajen. Wani ya samu aiki, wata ta yi aure, wasu sun koma garinsu, ga kuma sababbi. Wanda za a cire a sanar da shi wata guda kafin lokaci, ta bakin wanda ya saba kai masa. Za a samu masu ƙorafin an ba wane an hana su. Kada a yi musu da su a titi, a tura dattijuwa ta je ta duba gidan, in sun cancanta a sa su a layin jira. A zaman nan ne kuma ake buɗe ɗaki a ƙirga buhuna a gaban liman da mutum biyu da ba 'yan kwamiti ba, a gwada da abin da ke littafi, kowa ya sa hannu, sannan a yanke ko mai makulli zai ci gaba ko a miƙa wa wani.