Wasan golf na taimakon masu farfaɗiya da ƙari a ƙwaƙwalwa: inda masu shiryawa ke tuntuɓe

Duk wanda ya taɓa zaman jiran likita a Cibiyar Tiyatar Ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya san ba Sakkwatawa kaɗai ke cika bencin ba. Akwai mutanen Kebbi da Zamfara, har da waɗanda suka tsallako daga Nijar, kuma da yawansu kuɗin hoton ƙwaƙwalwa ne ke fara kayar da su tun ba a zo maganar tiyata ba. Saboda haka idan masu buga golf, ma'aikatan banki da 'yan kasuwa da manyan ma'aikatan gwamnati, suka ce za su shirya gasa don tara wa waɗannan bayin Allah kuɗi, ina murna ƙwarai. Abin da ke ci mini rai shi ne a sha wahalar wata biyu, a tashi abin da ya isa hannun marasa lafiya bai kai kuɗin abincin da aka ci a filin ba.

Daga nan ɓarnar ke farawa. A buga riguna da huluna, a sayo manyan kofuna, a kafa rumfuna, duk daga kuɗin shiga gasar. Gyaran ba shi da wuya. Filin golf rami 18 ne, to a nemi mai ɗaukar nauyin kowane rami, a kafa allon sunansa a wurin. Mai kamfanin ruwa ya kawo ruwa, mai ɗab'i ya buga takardu kyauta. Kuɗin shiga kuwa kada a taɓa ko kwabo, a faɗa wa 'yan wasa haka tun a takardar gayyata.

Kuskuren da ya fi kowanne illa shi ne haɗa cutukan biyu a buhu ɗaya don kawai duk a kai suke. Mai ƙari a ƙwaƙwalwa kuɗi mai kauri yake buƙata a lokaci guda: hoton CT ko MRI, tiyata, jinya, wani lokaci da gasa ƙarin da na'ura bayan an yi aiki. Kuma ba kowane ƙari ne ciwon daji ba, akwai waɗanda idan aka cire da wuri mutum ya koma gonarsa ko shagonsa. In ka raba kuɗin tiyatar mutum biyu ga mutum ashirin don kowa ya samu, babu ko ɗaya da zai shiga ɗakin tiyata.

Mai farfaɗiya shi kuma buƙatarsa kaɗan ce amma ba ta yankewa. Ƙwayoyi ne irin su carbamazepine, phenobarbitone ko sodium valproate, kullum, shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tare da ciwon ya tashi ba idan suka samu magani yadda ya kamata. To ka miƙa wa uba ambulan a gaban jama'a, ya sayi maganin wata biyu, sauran ya tafi ga hatsi, wanda ba laifinsa ba ne. Wata na uku magani ya ƙare. Daina shan waɗannan ƙwayoyi farat ɗaya na iya tayar da bugun da ya fi na da muni, har ya ƙi tsayawa. Ashe taimakon ya zama cuta. Abin yi shi ne asusu biyu tun farko. Na masu ƙari a biya asibiti kai tsaye da sunan majinyacin da likitoci suka zaɓa. Na masu farfaɗiya a ajiye shi a kantin maganin asibiti, ko a nan cikin gari ko a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, majinyaci ya riƙa karɓa wata-wata har shekara ta zagayo. Gara mutum 30 da maganin shekara da mutum 200 da na mako shida.

Sai maganar fito da marasa lafiya gaban kyamara. Wata uwa ta taɓa riƙe mini hannu ta ce, "Ɗana, ku taimake mu, amma kada ku sa hoton ɗiyata, aure za ta yi." Gaskiya ta faɗa. A wurinmu har yanzu akwai masu ganin farfaɗiya aikin iska ce, ko ana ɗauka ta yawu, alhali ba a ɗaukarta ko kaɗan. Hoto ɗaya a Facebook ya isa ya kori manemi ko ya raba yaro da makaranta. Likita ya tashi ya yi bayani, ko baligin da ya yarda da bakinsa. Yara kuwa a bar su a gida.

Wasu kan kwaikwayo sayar da tikitin cin kyauta ta ƙuri'a kamar yadda ake yi a Turai da Amurka. A Sakkwato caca za a kira shi, kuma masu hannu da shunin da kuke nema su ne za su fara janyewa. A yi gwanjon kayan da aka bayar kyauta, ko a buɗe gidauniya a fili. Wanda ya ce zakkarsa ce ya kawo, a ware ta daban, don zakka ba ta biyan kuɗin rumfa. Tambayar malamai ko Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha kafin ranar ya fi.

Lokaci ma ana kuskure shi. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan kan haura digiri 40, rami 18 kuma tafiyar awa huɗu ce. A sa gasar cikin hunturu, a fara bayan asuba, a kauce wa azumi. Ranar Farfaɗiya ta Duniya Litinin ta biyu ce a watan Fabrairu, ta dace sosai in ba ta faɗo cikin azumi ba. A haɗa 'yan wasa huɗu-huɗu suna bugawa daga inda ƙwallon gwaninsu ta faɗa, don sabon shiga mai kuɗi kada kunya ta hana shi zuwa.

Abin kunya ne a taru da sunan farfaɗiya, ciwon ya buge wani a filin, a ruga neman cokali. Kafin a buga ƙwallon farko a ɗauki minti biyar a koya wa kowa, har yaran da ke ɗaukar jakar sanduna: ba a cusa komai a baki, ba a danne mutum, ba a ɗura masa ruwa. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe, a duba agogo. In ya wuce minti biyar, sai asibiti.

Kuɗin kuma kada su shiga asusun mutum ɗaya komai amanarsa. A buɗe asusun ƙungiya mai rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, mutum biyu ko uku su sa hannu. Bayan wata uku a aika wa duk wanda ya ɗauki nauyin rami takarda: ga abin da aka tara, ga abin da aka kashe, mutum nawa aka yi wa tiyata, nawa ke karɓar magani, ba tare da sunan kowa ba. Da wannan takardar za ku koma ƙofarsa baɗi.